Tef ɗin da Ba a Kunnawa Sau Biyu

Litinin, da hantsi

Wata malamar makaranta ta kawo mana aiki yau. Kwali guda cike da tef irin na da, masu naɗi kamar faranti. Na mahaifiyarta ne, Allah ya jiƙanta, wai ta yi waƙa a gidan rediyo tun kafin a haifi rabin mutanen layin nan. So take a juye mata su cikin kwamfuta kafin su ƙarasa lalacewa. Ta ce ta zaga shaguna, duk inda ta shiga sai a ce mata ta je wurin Kunne. Na ce mata to ga Kunne, kin iso, zauna ki huta.

Sunan da ake kirana ke nan a sana'ar nan, kuma ba a kasuwa na sayo shi ba.

Ina buɗe kwalin warin rima ya buge ni. Na ɗauki ɗaya na ja zaren kaɗan, sai ga gari ruwan ƙasa a yatsana. Na nuna mata, na ce, "Malama, kin ga wannan garin? Muryar ce take zubewa. Irin waɗannan sau ɗaya tak suke yarda su bi ta kan na'ura. In kika sake na biyu, ba abin da za ki ji sai shuuu." Ta zaro ido ta ce, "To Injiniya, yaya ke nan?" Na ce ta bar ni da su, sau ɗayan ya ishe ni.

Akwai wani ƙarami da ta naɗe shi daban a cikin ƙyalle. Ta ce shi ba na gidan rediyo ba ne, a gida aka ɗauke shi, mahaifiyar tana yi mata waƙa tana jaririya. Ba ta taɓa jinsa ba, labarinsa kawai take ji wurin dangi. Sai da ta yi kamar ba za ta sake shi ba sannan ta miƙo min. Na ce shi za mu yi a ƙarshe, bayan na karanci halin 'yan'uwansa.

Talata, bayan azahar

Mun kwasa da Dogo. Dogo abokin aikina ne, mun fi shekara ashirin a shago ɗaya, shi yana ɗaukar tallace-tallace da mawaƙan zamani a ɗakin gaba, ni ina ɗakin ciki da tsofaffin kaya. Mutumin kirki ne, amma taurin kansa sai ka ce an biya shi.

Wai in sa mata su a MP3 kawai, ai a waya za ta ji. Na ce Allah ya kiyaye! MP3 zubarwa yake yi. Wani ne can ya zauna ya yanke hukuncin abin da kunnen mutum yake ji da wanda ba ya ji, sai ya kwashe sauran ya watsar don fayil ya yi ƙanƙanta. Abin da ya zubar kuwa ya tafi ke nan. Tef ɗin da ba zai sake juyawa ba, ban isa in bar wani ya zaɓar masa abin zubarwa ba. FLAC zan yi, irin fayil ɗin da ba ya zubar da komai, bit ashirin da huɗu, kuma a mataki na takwas.

Nan fa ya sake ɗaga hanci. Wai mataki na takwas yana shaƙe murya, shi yana ji, gara na sifili. Na ce, "Dogo, don Allah ka daina faɗar wannan a gaban mutane, kana zubar mana da mutunci." FLAC ninke kaya ne a akwati. Na sifili ka jefa su yadda suka zo, na takwas ka ninke su ka zauna a kan murfin. In ka buɗe, rigunanka ne dai cif, ba wadda ta ɓata. Bambancin kawai na takwas ya fi cin lokacin kwamfuta wajen ninkewa, ya fi kuma barin wuri. Ya ce shi dai kunnensa ya gaya masa. Na ce to kunnenka ya je ya yi karatu.

Ƙarar nan ta kunnen hagu ba ta tafi ba. Tun zazzaɓin da ya kwantar da ni watan jiya take, siririya, ba ta hutawa. Za ta wuce.

Laraba, da safe

Na goge kan na'ura da auduga da sifirit, na zura na farko. Hannuna bai yi ko gezau ba. Mata ce mai murya siririya, ga mai sarewa yana bin ta a baya.

Amma sautin ya fito a dushe, sai ka ce ta lulluɓa da bargo take waƙar. Na tsayar tun a farko-farko, kafin waƙar ta yi nisa. Na sake gogewa. Haka dai. To na san matsalar, na'urar nan ta tsufa, ta fara cinye kaifin sauti, abin da yara ke cewa tirebul. Akwai wata 'yar ƙusa a bayanta da ake murɗawa a daidaita. Na ɗauko sukundireba na murɗa a hankali ina saurare, har muryar ta buɗe, sarewar ta fito fili. Yauwa. Yanzu aka yi magana.

Jar fitilar nan ta jikin na'ura, mai gargaɗin sauti ya yi yawa, ta yi ta ƙyaftawa duk sanda sarewa ta hau sama. Fitilar nan matsoraciya ce tun ranar da muka sayo ta, ko tari ka yi sai ta kunna.

Laraba, da yamma

Biyu sun shiga. Tas.

Alhamis, bayan magariba

Mai ɗakina ta fara. Ina zaune a falo ina duba labarai, ta fito daga banɗaki hannunta duk kumfa, ta ce, "Malam, tun ɗazu butar shayi take ihu, kana nan zaune?" Na ce hankalina yana kan talabijin. Ta ce talabijin ɗin ma maƙwabta sun gama jin labaran da shi. Na ce ita ce dai kunnenta ya cika tsegumi.

Ta tsaya tana kallona, irin kallon nan nata. Na ce, "Mene ne?" Ta ce ba komai, ta je ta sauke butar.

Ba abin da ya sami kunnena. Mutum ya wuni da abin ji, wato hedifon, a ka, dole ya dawo gida a gajiye.

Juma'a, da la'asar

Dogo ya ɗauko tsohon wasanmu. Shekaru muna yinsa in kasuwa ta yi sanyi: ya juya min bayan allon kwamfuta, ya kunna waƙa ɗaya iri biyu, ɗaya cikakkiya, ɗaya an matse ta da MP3, in faɗi wacce ce wacce. Ban taɓa faɗuwa ba. Har mai ɗinkin da ke kusa da mu yakan leƙo ya yi kallo, wanda ya faɗi shi zai sayo lemo.

Ya kunna ta farko. Ya kunna ta biyu. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Da can a kan kuge nake kama su, MP3 yana sa shi ya yi wani ɓurɓushi kamar ana murza leda. Yau na nemi kugen ma na rasa inda yake. Na ce ta biyu ce cikakkiya.

Dogo ya kwashe da dariya har da buga tebur. Wai ta biyun ita ce ya matse har wuya, mafi ƙanƙantar da kwamfutar ta yarda. Mai ɗinki ya ce, "Kai! Yau Kunne ya sha ƙasa." Na ce abin jin nan nasa ne ya mutu, tun yaushe nake ce masa ya canza soson. Na sayo musu lemon, su sha su ƙoshi.

Da zan fita na ga Dogo ya sa abin jin a kansa yana gwadawa.

Asabar, da hantsi

Na ƙara murɗa ƙusar kaɗan. Waɗannan na ƙasan kwalin sun fi dushewa.

Litinin, da yamma

Saura kaɗan in gama manyan. Kowanne in ya gama bi ta kan na'ura sai in share gari a ƙarƙashinta, abin tausayi, kana gani da idonka tef yana mutuwa a hannunka. Amma ina jin daɗin aikin nan, wallahi. Duk wanda ya shiga, na sa kwamfuta ta warware fayil ɗin ta gwada shi da abin da ya shigo, ta ce min daidai suke, ko ɗigo bai canza ba. Na ajiye kwafi biyu a wuri biyu. Jikokin Malama ma za su ji kakarsu yadda ta fita daga na'urata.

Na kira ta na ce ta zo jibi ta ɗanɗana.

Laraba, bayan azahar

Ta zo.

Laraba, da yamma

Bari in rubuta yadda aka yi, ko na samu ya fita daga kaina.

Ta zo da fara'arta, har da tsarabar lemon zaƙi a leda. Na zaunar da ita a kujerata, na sa mata abin ji mai kyau, na kunna na farko. Ina tsaye ina jiran in ga hawaye, don na saba. Sai na ga ta runtse ido ta ɗage kafaɗa. Da sarewa ta shigo ta yi wuf ta janye abin daga kunnenta. Ta mayar, ta daure, ta sake janyewa.

Ta ce, "Injiniya, haka sarewar take tun asali? Tana sukar kunne." Na ce mata haka tsofaffin kaya suke, kunnen zamani bai saba ba. Ta ce, "Muryar ma kamar ba tata ba. Na sha jin waƙarta a rediyo, Mama ba ta da tsiwa a murya." Ta faɗa a hankali, kamar mai ba da haƙuri.

Dogo yana bakin ƙofa. Ya ce a ba shi ya ji. Ya sa, bai yi minti ɗaya ba ya cire. Ya ce wa Malama ta ba mu kwana biyu akwai ɗan gyara. Ya raka ta har titi, ya dawo ya rufe ƙofa, abin da ba ya yi.

Ya ce, "Kunne, me ka taɓa?" Na ce na'ura ta tsufa na daidaita ta. Ya zagaya baya ya leƙa ƙusar, ya ce, "Innalillahi. Har ƙarshe ka kai ta." Na ce ƙarya ne, kaɗan na murɗa. Ya buɗe hoton sautin a allo. Can sama, inda ya kamata a ga ɗan hayaƙi-hayaƙi, wuta ce ja zur. Kan igiyar sautin kuma duk inda sarewa ta hau, a yanke yake shafal kamar an bi da almakashi.

Na ce a rage tirebul ɗin a kwamfuta, shi ke nan. Ya ce za a rage, amma inda ya bugi rufi ya fashe fa? Na san amsar, ni na koya masa. Abin da ya fashe kafin ya shiga, ya fashe. FLAC ɗina ya yi aikinsa tsakani da Allah, ya adana ɓarnar cif yadda na ba shi.

Sai ya sassauta murya ya ce, "Mutumina, tun yaushe?" Na ce tun yaushe me? Ya ce in daina. Na ce masa shi har yau bai san bambancin mataki na sifili da na takwas ba zai zo ya koya min aiki. Na ɗauki hulata na fita. Lemon zaƙin yana nan kan tebur.

Alhamis, da safe

Ban je shago ba.

Juma'a, da hantsi

Yau ma. Na gyara famfon tsakar gida da ya daɗe yana ɗiga, na canza ƙwan fitilar ɗakin girki, na ɗaure ƙafar kujera. Mai ɗakina ta ce in na gama akwai rufin maƙwabta.

Dogo ya kira na ƙi ɗauka. Ya kira ta. Na gan ta ta shige ɗaki da wayar tana magana ƙasa-ƙasa. Wai ni za a yi wa ƙus-ƙus a gidana. Da can ko a bayan gida aka yi raɗa ina ji.

Asabar, bayan la'asar

Dogo ya zo har gida. Ya ce ya gwada sake kunna ɗaya daga cikin manyan bayan ya mayar da ƙusar yadda take, ko Allah zai sa. Na ce, "Sai me?" Ya girgiza kai. Na riga na faɗa tun ranar farko, ai ban yi ƙarya ba.

Ya ce ya rage kaifin a kwafi, waƙoƙin sun sauraru, muryar ta dawo kusa da mutum. Sarewar ce dai ta tafi da tabo. Na ce ya kyauta.

Da ya tafi mai ɗakina ta zauna kusa da ni, ta dama, na lura yanzu kullum ta dama take zama. Ta faɗi kalmar. Ba zan rubuta ta ba. Na yi mata tsawa, ta bar ni na gama, sannan ta ce ta riga ta karɓo mana layi a asibiti ranar Litinin, in na ga dama in je da ƙafata, in ban ga dama ba ta kira ƙannena su ɗauke ni. Matar nan ba ta da tsoro ko kaɗan.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro nake ji. To, na rubuta.

Litinin, da azahar

Sun sa ni a wani ɗan ɗaki mai soso a bango. Aikin soson ma na banza, na ga inda suka bar rata a bakin ƙofa, da ni na yi musu da ba haka ba. Wata ma'aikaciya ta sa min abin ji, ta ba ni maɓalli, ta ce duk sanda na ji ƙara in danna. Ta koma bayan gilashi.

Na farko-farko na yi ta dannawa, har ina gaya mata lambar kowace ƙara kafin ta duba. Ta yi murmushi ta ce ashe na gida ne. Sai aka fara hawa sama. Ina kallon yatsanta ta gilashin, tana dannawa, tana ɗago kai ta dube ni. Ta ƙara, ta dube ni. Ni kuma ina riƙe da maɓalli ina jira a fara.

Na yi niyyar in riƙa dannawa in na ga yatsan ya motsa. Wallahi na yi niyya. Sai na tuna jar fitilar nan da na ce matsoraciya ce, na ajiye hannuna a cinya.

Likita ya yi bayani mai tsawo. Hagu ya fi, dama ma ya taɓu. Na tambaye shi abu ɗaya, ko zai dawo, ya ba ni amsa ɗaya, a'a. A mota mai ɗakina ta riƙe hannuna, na bar ta.

Talata, da safe

Sautin ƙasa da na tsakiya duk suna nan garau. Muryar mutum ina ji, ganga ina ji, mota ina ji. Saman ne kawai ya tafi. Mutane nawa ne suke yawo a gari ba saman nan kuma suna cin abincinsu?

Talata, da yamma

Na koma shago. Na kira Malama da kaina, ban bar wa Dogo ba. Na gaya mata abin da ya sami manyan, da wanda ya jawo, ban yi kwana-kwana ba. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Allah ya ba ka lafiya, Injiniya. Gobe zan zo in karɓi ƙaramin."

Ban yi barcin rana ba, ban ci abinci ba. Na san inda za ta kai shi. Duk garin nan na'ura irin tawa mai rai guda nawa ce? Za ta kai wa masu juya kaset a bakin kasuwa, su nemo wata gwangwani da ta shekara goma ba a goge ba, ta tauna zaren tun a naɗin farko. In ma ya tsira su matse shi a MP3 su tura mata a waya, su ce an gama.

Laraba, da hantsi

Ta zo, ba fara'a, ba tsaraba. Na ɗauko ƙaramin a ƙyallensa na ajiye a gabanta, don kar ta ce na riƙe mata kaya. Sannan na ce ta ba ni minti biyu.

Na ce, "Malama, kayanki ne, kina da iko. Na ɓata miki manyan, ba na musu. Amma kunnena ne ya samu matsala, hannuna lafiyarsa ƙalau. Babu wanda zai zura zaren nan ya bi da shi bai tsinke ba in ba ni ba, ki tambayi duk wanda kika ga dama. Wannan karon ba zan daidaita komai da kunne ba. Allurar awon na'ura za ta yi magana, Dogo ya saurara, ke ma ki zauna a nan ki ji da kanki. Abin da ke kan zaren shi zai shiga, ba ƙari ba ragi."

Ta ce, "In ya lalace fa?" Na ce in ya lalace a hannuna, to da ma ba mai iya fitar da shi. Dogo ya harare ni wai na cika baki. Ba cika baki ba ne, gaskiya ce.

Ta daɗe tana shafa ƙyallen da yatsa. Ta ce ita ba ta tuna fuskar mahaifiyarta sai a hoto, tana ƙarama ta rasu, kuma wannan ne kaɗai wurin da suke tare su biyu. Ta ce Asabar ba ta da makaranta. Ta tafi da tef ɗin a jakarta, ta ce za ta zo da shi. Ban ji haushi ba, ko ni ne haka zan yi.

Alhamis, bayan azahar

Akwai tef ɗin awo a kowane shagon kirki. Ba waƙa a kansa, ƙararraki ne zalla daga ƙasa zuwa sama, kowacce da inda ya kamata allurar na'ura ta tsaya. Nawa yana saman kabad, ƙura ta rufe kwalinsa. Rabona da shi na manta, don a ganina mai kunne irin nawa ba ya buƙatarsa.

Muka zura shi. Ƙarar ƙasa, allura ta tsaya daidai. Ta tsakiya, daidai. Dogo yana riƙe da sukundireba ina gaya masa dama ko hagu, yana cewa, "To, ranka ya daɗe," don ya ba ni haushi.

Sai aka zo ta sama. Na ga allura ta miƙe ta tsaya cak. Na ga Dogo ya yamutsa fuska ya toshe kunne ɗaya da kafaɗa. Mai ɗinki ya buga bango daga can wai mu rage. Ni kuwa ɗakin shiru, sai 'yar ƙarar nan tawa ta hagu da ba ta rabuwa da ni.

Na ce, "Hagu kaɗan. Kaɗan kuma. Tsaya nan." Allura ta hau kan layinta. Na'urar nan ashe ba abin da ya same ta, garau take kamar ranar da aka ƙera ta. Na shafa mata kai na ba ta haƙuri, na ɗora mata laifin da ba nata ba.

Dogo ya ce, "To mataki na nawa za mu sa?" Na ce takwas. Ya ce zai shaƙe. Na ce, "Dogo, ko kunne ɗaya ba ni da shi, a wannan dai na fi ka gaskiya." Muka yi dariya har ya share ido, ni ma na share.

Juma'a, da yamma

Na goge kan na'ura. Na sake gogewa. Na gwada da wani tef da ba a so, ya bi lafiya. Na rage ƙarfin shiga sosai yadda jar fitila ba za ta sami abin faɗa ba. Gobe.

Asabar, bayan la'asar

Ta zo da wuri. Ta zauna a kujerata da abin ji ɗaya, Dogo a tsaye da ɗaya. Ni ban sa ba, na bar lasifika a buɗe kaɗan. Na warware ƙyallen. Zaren ya manne a farko, na bi shi da yatsa a hankali ina ɗagawa har ya saki. Na zura shi, na ce bismillah, na danna.

Idona a kan allura, hannuna a gefen naɗin. Gari yana zuba a ƙasa. Sai murya ta fito, ba irin ta gidan rediyo ba, ƙasa-ƙasa, ta mace da ke zaune a ɗakinta. Na ji wannan sarai. Na ji jaririya ta yi ɗan kuka, uwar ta yi dariya ta ci gaba. Na saci kallon Dogo, ya ɗaga min babban yatsa bai buɗe ido ba. Fitila ba ta ƙyafta ko sau ɗaya ba.

Malama ta dafe baki da hannu biyu. Hawaye yana bin yatsunta. Can sai ta kamo hannun rigata tana ja, ta manta da wa take magana.

"Injiniya, ji! Awarwaronta ne! Tana jijjiga ni, awarwaron yana ƙara. Suna wurina, wallahi suna cikin akwatina. Ka ji? Ka ji shi?"

Dogo ya buɗe ido ya dube ni. Na dubi allo. Can sama, sama da muryar, ga wasu 'yan layuka sirara suna fitowa bi da bi, daidai da bugun waƙar, tsaf da su, ba wanda ya taɓa rufi.

Na ce, "Ban ji ba, Malama. Amma ga shi nan, ya shiga duka."

Zaren ya ƙare, jelarsa ta yi ta kaɗawa. Na kashe na'ura, na sa kwamfuta ta gwada fayil ɗin, ta ce daidai. Malama ta ce a sake kunna mata daga farko. Na ce daga kwamfuta yanzu ko sau dubu take so. Na kunna mata, na ɗauko tsintsiya na share garin.